Halidu da Injin Shan Yashi

Katangar gidana da ta Halidu ɗaya ce, shi ya sa na san tarinsa fiye da yadda na san muryar wasu 'yan'uwana. Ni tela ne, shagona yana kallon ƙofar masallacin unguwarmu a Sabon Gida, kuma tun ina koyon taka keke Halidu ne mai sharar wannan masallaci. Ba wanda ya naɗa shi. Wata rana ya ga wurin ya yi datti ya ɗauki tsintsiya, aka ce masa Allah ya ba da lada. Washegari ya ƙara, aka ƙara yi masa addu'a. Daga nan aiki ya zama nasa, mutanen unguwa kuma suka kakkaɓe hannuwansu. Mu dai mun iya wannan, mu ɗora wa mutum kaya da addu'a mu wuce harkarmu.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a cikin duwatsun Keita. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin tare zaizayar ƙasa, lokacin da ake jera duwatsu a gangaren tuddai ana ba mutane abinci. A ka yake ɗaukar dutse daga safe har rana ta take, kuma tun a can bayansa ya fara yi masa gargaɗi. Ya tafi cin rani ƙasashen kudu sau da yawa, abin da ya dawo da shi bai wuce rediyo da tari ba. Da ya auri Kulu, 'yar garinmu, sai ya biyo ta ya zauna, yana noman gero da wake a wata 'yar gona da surukinsa ya yankar masa. 'Ya'yansa maza biyu suna Aljeriya, sai ranar salla ake jin muryarsu a salula. 'Yarsa Asiya tana aure a Buza.

Abin da Halidu ya tara a duniya suna ne. Ba shi da saniya, ba shi da garkar albasa, rigarsa ta Juma'a ni na sha yi mata faci har ban san ina asalin yadin yake ba. Amma wanda zai yi tafiya, wurinsa yake barin makullin gida. In an tsinci abu a hanya, hannunsa ake kai wa. Baƙo in ya shiga masallacinmu ya fito yakan tambayi wa ke kula da wurin, mu kuwa mu nuna Halidu da alfahari, sai ka ce mu muka yi sharar.

A da aikin bai kai ya kashe mutum ba. Daɓen masallacin farin yashi ne da ake ɗebowa daga ƙorama, da tabarmin kaba a kai. Ya kakkaɓe tabarmi, ya bi yashin da tsintsiya ya tsince kashin awaki da ƙirare, ya gama kafin rana ta yi zafi. Sai 'yan garinmu da ke neman kuɗi a Abijan suka ga masallatan can, suka ji kunyar namu. Suka haɗa hannu aka zuba siminti, aka kawo darduma mai tsawo, koriya mai layi-layi, irin wadda ake shimfiɗawa daga bango zuwa bango. Ranar da aka shimfiɗa ta har fura aka raba. Kowa ya taka ya ce laushi. Ban ji wanda ya tambayi wa zai riƙa ɗaga ta ba.

Darduma irin wannan ba ta jin tsintsiya. Ka share sama, yashi ya ƙara nutsewa ƙasa. Mutanenmu kuwa manoman albasa ne, daga fadama suke zuwa salla, alwalarsu ba ta cika kaiwa tsakanin yatsu ba. Saboda haka kowace Alhamis Halidu zai naɗe dardumar gunduwa-gunduwa, ya ja ta waje, ya ɗora a kan katanga, ya yi ta bugu da sanda har hannunsa ya mutu, sannan ya ja ta ciki ya shimfiɗa. Daga shagona nake kallonsa. Da farko yana saɓa ta a kafaɗa, daga baya ya koma ja, daga baya ya koma ja yana tsayawa yana riƙe ƙugu. Nakan tashi in kama masa in ba ni da ɗinki a gaba, amma Alhamis ce ranar da masu kayan Juma'a suke tsaye a kaina. Da yamma ta bayan katanga ina jin Kulu tana gasa masa baya da ruwan zafi, shi kuma yana nishi a hankali don kada maƙwabta su ji.

Ya so ya ajiye aikin, kada wani ya ce bai so ba. Ya je wurin liman ya ce ƙarfi ya ƙare. Liman ya kama hannunsa ya karanto masa falalar mai share ɗakin Allah, har Halidu ya ji kunya ya ce to. Ya faɗa wa Alhaji Takawa, shugaban kwamitin masallaci, Alhaji ya ce za a zauna a duba. Kwamitinmu kuwa in ya ce zai zauna, jaririn da aka haifa ranar sai ya yi haƙora kafin a shimfiɗa tabarmar zaman. Kuma a garinmu mutum ba ya fitowa fili ya ce ya gaji da aikin lada. Ana iya gajiya da gona, ana iya gajiya da mata, amma wanda ya ce ya gaji da masallaci sai a kalle shi wani iri.

Akwai abin da kusan shi kaɗai ya sani, domin shi kaɗai ke ganin ƙasan dardumar. Ni ma sai daga baya na ji. Maginin da ya zuba simintin, wani baƙo da ya daɗe da barin garin, ya cika yashi ya rage siminti. Shekara da shekaru ana takawa, daɓen ya rududduge ya koma gari, wasu wuraren ma tsohon yashin ƙorama ya fito fili. Ita kuma dardumar bayanta ya cinye saboda ja da bugu, in ka ɗaga ta a rana sai ka hango haske ta cikinta. Halidu ya taɓa gaya wa Alhaji Takawa, Alhaji ya ce za a zauna a duba. Tun daga nan bai sake tayar da maganar ba, yana dai baje garin da tsintsiya ya rufe.

Cikin bazarar da ta wuce ne labarin inji ya zo. 'Yan Abijan ɗin nan dai suka kira suka ce akwai na'urar da ke zuƙe datti daga darduma tana shimfiɗe, ba ɗagawa ba bugu. Suka yi magana da Mu'awiya, wani mai sayar da tsofaffin kayan Turai a kasuwar Madawa, ya kawo a gwada. Sharaɗinsu ɗaya ne, in dattawa sun gamsu za a saya, in ba su gamsu ba ya koma da abinsa. Kuma in an saya, Abdallah mai cajin salula ne zai riƙa aiki da shi, tunda shi ke da janareto kuma shi ya san wuta. Wato Halidu zai huta ba tare da ya buɗe baki ya ce ya gaji ba.

Ranar da ya ji labarin ya zo shagona ya zauna a kan benci, abin da bai saba yi ba. Fuskarsa har wani haske take.

Ya ce, "Tela, wai gaskiya na abin ga shina shan ƙasa da kainai?"

Na ce, "Haka sunka ce, Baba Halidu. Asfiratar aka ce mashi."

Ya gwada faɗin sunan bai iya ba, ya yi dariya ya ce, "Ko mi aka ce mashi, Allah shi ba shi sa'a."

Sai rigimar yadda za a gane ko injin yana aiki. Dattawanmu ba wanda ya taɓa ganin irinsa, amma kowa ya zo da ra'ayi cikakke. Alhaji Takawa ya ce a saurari ƙararsa, inji mai ƙarfi ba ya ɓoyuwa, ko injin niƙa da kukansa ake gane shi. Ladan ya ce a'a, bayan an share mutum ya yi sujada ya ɗago, a duba goshinsa. Wani ya ce a sa mai farar riga ya yi birgima a kai, aka tambaye shi ko zai ba da tasa, ya yi shiru. Aka yi ta ja har Mu'awiya, wanda ya san kasuwa, ya raba gardama. Ya ce Halidu ya yi shararsa yadda ya saba, ya buge ya shimfiɗa. Sannan inji ya bi bayansa. Duk abin da aka samu a cikin injin, shi ne abin da sanda da tsintsiya suka bari. Kowa ya ce wannan adalci ne, har da ni.

Alhamis ɗin gwaji Halidu ya yi aikin da ban taɓa ganin ya yi ba. Tun da hantsi yake bugu, zufa ta jiƙa rigarsa har ƙugu. Na leƙa na ce masa ya sassauta, ai so muke injin ya samu abin nunawa. Ya ce ya sani. Amma hannunsa bai sassauta ba. Na fahimci abin da ke ransa: yana son injin ya fi shi, amma da kaɗan, yadda za a ce tsoho ya yi ƙoƙari, zamani ne ya zo da sauƙi.

Bayan la'asar masallaci ya cika kamar ranar ɗaurin aure. Abdallah ya tayar da janareto a waje, aka jawo waya ta taga. Injin wani jan abu ne mai ƙafafun roba da dogon hanci. Mu'awiya ya buɗe cikinsa ya nuna wa kowa babu komai, ya sa liman ya leƙa da kansa. Da ya kunna, Alhaji Takawa ya gyaɗa kai, ƙarar ta yi masa. Mu'awiya ya bi rabin sahun farko, gaba da baya, a hankali, muna jin wani sauti shar-shar a cikin hancin kamar ana zuba gero a ƙwarya. Ya kashe, ya sa aka kawo faranti, ya juye.

Yashi ya taru tsibi guda. Wani ya ce a kawo tiya a auna, aka kawo, ya kusa cika ta. A rabin sahu kawai, a dardumar da aka wuni ana bugu. Masallaci ya ɗauki salati. Na ga mutane suna satar kallon Halidu, yana tsaye jikin ginshiƙi da tsintsiyarsa a hammata.

A cikin taron akwai Sidi, wani Bafillace da ke noma yana kiwo a gefen gari, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya tsuguna ya murza yashin a yatsunsa, ya ce, "Ni ban san inji ba. Amma in na tatsi saniya na koma nan take, ba ni samun awa na hwarko. Ku koma wurin da kunka sha, mu gani."

Mu'awiya bai so ba, amma dattawa suka ce a yi. Ya koma daidai wurin, ya bi, ya juye. Yashin da ya fito bai ragu da wani abin kirki ba. Sidi ya girgiza kai ya ce wannan ba daidai ba ne, darduma ba rijiya ba ce, wani wuri abin yake fitowa. Nan mutane suka fara 'yan gunaguni, na ga fuskar Mu'awiya ta canja, ya fara hango kansa yana ɗaure inji a bayan babur zuwa Madawa. Sai ya ɗaga murya.

"Alhazai, wanga shi na shaida! Dauɗar shekaru ta, ta shige ta zamna. Ba a hidda ta rana guda. Abin da kuka ta yi ma sujada ke nan ba ku sani ba!"

Liman mutum ne mai adalci gwargwadon iyawarsa. Ya juya ya ce, "Halidu, kai ka ɗaga dardumag ga kullum. Kai ka ganin ƙasanta. Mi kag gani?"

Yanzu da na san abin da ke ƙarƙashi, nakan tuna wannan tsayuwar tasa in ji zuciyata ta yi nauyi. Kusurwar dardumar tana dab da ƙafarsa. Da yatsa biyu zai ɗaga ta kowa ya ga daɓe ya zama gari, ya ga injin ta cikin ramukan darduma yake zuƙo ƙasar masallaci. Sunansa ya wanku nan take. Amma kuma gwaji ya ɓaci. Za a ce inji ba shi da amfani sai an sake daɓe, Mu'awiya ya tafi da kayansa, kwamiti ya ce zai zauna. Alhamis mai zuwa kuma darduma tana jiransa, da wadda ke bayanta, har ranar da za a same shi kwance a ƙarƙashinta. Ya dubi kusurwar, ya kai hannu ya riƙe ƙugunsa. 

Ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, ido ya gani. Injin ya hi ni."

Sidi ya dube shi ya daɗe, sannan ya tashi ya kakkaɓe hannu ya fita. Aka yi fatiha, aka sayi inji. Alhaji Takawa ya karɓi makulli daga hannun Halidu ya miƙa wa Abdallah, ya ce an gode, Allah ya ba da lada, amma idonsa yana kan tiyar yashi yake faɗa.

Ba wanda ya zage shi, mutanenmu ba sa zagin tsoho. Sun fi iya abin da ya fi zagi ciwo. Kowace Alhamis Abdallah zai fito da faranti cike da yashi ya zubar a bakin ƙofa, masu zaman inuwa su ce har yanzu ba a gama kwashe na tsohon ba. Aka fara cewa dama ana jin ƙaiƙayi a goshi. Wani ya tuna cewa ya sha ganin Halidu zaune jikin katanga da sanda a cinya, bai tuna cewa numfashi yake mayarwa ba. Da Alhaji Takawa zai tafi Tawa ganin likita, wurin ladan ya bar makullin gidansa. Halidu ya koma sallarsa a sahun baya, kusa da takalma, yana sallamewa ya fice.

Abin ya dame ni har na kasa ɗinki. Wata rana na tsare shi a zaurensa na ce ban yarda ba, na ga bugun da ya yi da idona. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya gaya mini komai, da muryar wanda yake ba da labarin wani can.

Na ce, "Haba Baba Halidu! Don mi ba ka ɗaga ba?"

Ya ce, "In na ɗaga, wa ka aje ta? Kai ka zuwa Alhamis?"

Na san ba ni zuwa. Ya ce in rufa masa asiri har injin ya zauna da gindinsa, kada a mayar. Na riƙe maganar wata da watanni, har na tabbata Mu'awiya ba zai karɓi kayansa ba ko an kai masa. Sannan na faɗa, a shagona, a majalisa, a gaban Alhaji Takawa. Na zaci gari zai girgiza. Alhaji ya ce lallai ya kamata a zauna a duba daɓen nan. Sauran suka ce ikon Allah, suka koma zancen farashin albasa. Wasu ma suka ce Tela yana kare maƙwabcinsa ne. Ba wanda ya tashi ya taka zuwa masallaci ya ɗaga kusurwa ɗaya, ga shi kuwa ƙetare hanya ne kawai. Mutane sun ga tiya da idonsu, sun gama hukunci, sake tunani kuma aiki ne. Na gaji da maimaitawa na bari.

Jikinsa dai ya karɓi hutun. Nishin yamma ya ragu, Kulu ta daina dafa ruwan gashi kullum. Har 'yar ƙiba ya yi a kumatu. Asiya ta zo daga Buza ta ce babanta ya koma yaro. Yakan yi murmushi in an faɗi haka, amma ya rage fita, kuma rigar Juma'ar da na ce zan ɗinka masa sabuwa ya ce in bari, wa zai kalle shi.

Bayan girbi na shiga gidansa wata rana da azahar in kai wa Kulu zanenta da na kalmashe. Yana kwance a ƙarƙashin rumfa, ita kuma tana daka a tsakar gida. Muna cikin gaisawa sai muka ji muryar Fa'iza, matar da ke gidan bayansu, tana yi wa 'yarta faɗa. Fa'iza ba muguwa ba ce, takan aiko wa Kulu da miya. Ba ta ma san muna ji ba. Da muryar yau da kullum ta faɗa, irin wadda ake faɗin maganar da kowa ya saba da ita.

"Ke! Sharar Halidu ta kinka yi mani? Koma ki ɗaga tabarma ki sake!"

Taɓaryar Kulu ta tsaya a sama. Na rasa inda zan sa idona. Halidu bai motsa ba. Muna jin yarinyar a can tana jan tsintsiya tana ƙunƙuni.

Can ya ce, "Tela, bayan dai ya yi sauƙi."

Ya juya fuskarsa wajen bango.